Zaren Majigi a Gonar Dawa

Idan ka sauka Kaura Namoda ka tambayi gidan Malam Namadi, za a ce maka wanne daga ciki, don masu wannan suna a ƙasarmu sun fi a ƙirga. Amma ka ce Namadi Mai Majigi, ko mai tallar goro zai nuna maka da haɓa: bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, gidan da ke da durumi a ƙofa. Katangarmu ɗaya da shi shekara talatin da 'yan kai. Saboda haka abin da zan ba ka ba a kasuwa na tsinto shi ba. Kuma gara in gaya maka tun yanzu, raina a ɓace yake.

Yaran da aka haifa da waya a hannu ba su san majigi ba. Mota ce ta hukuma mai lasifika a ka, tana bin gari gari. A kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, a tayar da janareta, inji ya harba haske, sai ga mutane suna motsi a jikin ƙyallen. Ana nuna yadda ake zuba takin zamani, da tace ruwa saboda kurkunu, da allurar shanu. Baba Namadi shi ne mai injin. Ya kama aikin yana ɗan shekara ashirin, ya bar shi da furfura. Daga Kaura zuwa Ɗan Isa, daga Zurmi zuwa Shinkafi har Katuru, ba filin da bai kafa ƙyallensa ba.

To amma wa zai bar tuwonsa ya zo kallon taki? Sai aka yi dabara. Kafin fim ɗin taki, a fara sa na makaɗa. Gajerun finafinai ne marasa launi, minti goma-goma, da aka kawo daga ƙetare. Maza ashirin ko fiye, baƙaƙe da farare, cikin kwat, sun zauna sahu-sahu. Masu ƙahon ƙarfe a baya, masu wata irin lanƙwasasshiyar algaita a gaba, mai ganguna can sama shi kaɗai da ganga biyar. Mu badujala muke ce musu, don ita muka sani. Abin da ya fi kashe mutane shi ne lokacin da sahun masu ƙaho zai miƙe tsaye gaba ɗaya, kamar an ja su da igiya. Baba Namadi ya ce a Zurmi wani tsoho ya miƙe tare da su, aka ce ya zauna yana tare wa mutane, ya ce shi ba ya zama manyan baƙi na tsaye.

Da talabijin da bidiyo suka shigo, motar majigi ta zauna har tayoyinta suka nutse a ƙasa. Wani sabon shugaban ofis ya zo, ya buɗe sito, ya toshe hanci, ya ce a kwashe gwangwanayen nan a ƙone. Baba Namadi ya yi hayar amalanke. Gwangwani arba'in da ɗaya ya kai gida, da tsohon injin da aka ce shi ma tarkace ne. Injin ya yi masa 'yan shekaru, sannan ƙwan fitilarsa ya mutu, wani haƙori ya karye a ciki, aka nema har Kano ba a samu ba.

Inji ya mutu, amma hidima ba ta mutu ba. Ɗaki guda ya ware musu, na ƙasa, mai kaurin bango, wanda rana ba ta shiga. Duk ƙarshen damina sai ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe, ya shinshina. In ya ji tsami, ya san zaren ya fara ciwo, sai ya ware shi gefe. Ya zura kara a tsakiyar naɗin, ya warware a hankali ya sake naɗewa don ya sha iska, ya sa ɗan gawayi a ƙulle cikin tsumma, ya rufe. Shekara talatin yana wannan. Kuma shekara talatin muna wucewa muna ce masa, “Baba, ana ta jinyar gwangwani?” Har da ni. Ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi abin da ke ciki. Wannan yana daga cikin abin da ke ci mini rai.

A cikin arba'in da ɗayan akwai guda wanda ba daga ƙetare ya zo ba. Baba Namadi yana da wa, Sanda, ma'aikacin tasha ne a zamanin da jirgi ke ɗaukar gyaɗa da auduga daga nan. Ma'aikatan suna da badujalarsu, mutum goma sha takwas, Sanda ne babban mai ƙaho. Wata shekara masu ɗaukar fim suka zo suka ɗauke su suna busa a bakin tasha, minti bakwai, da sauti da komai. A tsakiya akwai inda sauran ke yin shiru, Sanda ya miƙe shi kaɗai ya busa. Bazarar shekarar sanƙarau ya ɗauke shi, ya bar mata da cikin wata bakwai. Ko hoton kati bai bari ba.

Cikin nan shi ne Kulsumu. Uwarta ta koma da ita danginta can wajen Maraɗi tana jaririya, can ta girma, can ta yi aure. Sai shekara shida da suka wuce, bayan rasuwar mijinta, ta dawo Kaura tana dattijuwa, tana sayar da ƙuli-ƙuli a unguwar gabas. Lokacin kuwa inji ya daɗe da mutuwa. Baba Namadi ya taɓa warware mata bakin zaren ya ɗaga a rana. Ta runtse ido, ta juya kai, ta ce, “Baffa, ni tururuwa nika gani.”

Ya ce, “Ɗiyata, in Allah ya ba ni rai, sai kin ga ubanki shina motsi, kin ji busa tai.”

Wannan alkawari shi ne abin da ya tsaya masa a wuya. Kuma saboda tsoron masu sayen tarkacen ƙarfe, waɗanda ba abin da suke bari, sai ya yi wata dabara tasa. Ya cire naɗin Sanda daga gwangwaninsa mai kyau, ya sa shi a wani mai tsatsa wanda ba takarda a jiki, ya tura can ƙasa tare da wasu biyu na taki. Ɓarawo, in ji shi, mai ƙyalli yake ɗauka. Bai gaya wa kowa ba, ko babban ɗansa Halilu da ke riƙe da gidan.

Bara, da dawa ta fara fitar da kai, wani ɗan unguwa ya ɗauki hoton gwangwanayen ya sa a waya don dariya. Ba a yi mako biyu ba sai ga baƙo daga Kaduna, Alhaji Kamaluddeen, da farin tabarau da safar hannu. Sana'arsa nemo tsofaffin finafinai ga masu tara su. Ina zaune a gindin durumi aka shimfiɗa masa tabarma. Da ya karanta takardar da ke jikin gwangwani na farko, sai ya yi maza ya jawo na biyu.

Baba Namadi ya ce, “Alhaji, wai mi suka yi da su? Mutanen da sunka yi abin, su za su zo saye wurina?”

Alhaji Kamaluddeen ya ce, “Baba, can inda aka yi su yawanci sun ƙare. Wasu gobara ta cinye, wasu sun ruɓe, wasu an zubar da talabijin ta zo. Waɗanda aka turo irin garuruwan nan aka manta da su, su ne suka rage. Akwai makaɗin da muryar ƙahonsa tana faifai, amma ba mai rai da ya taɓa ganin yadda yake riƙe shi. To wanda ya shekara arba'in yana sauraronsa, ka ce masa ga shi yana motsi, ga yatsunsa, me kake tsammani zai yi?”

“Kuka,” in ji Baba Namadi. “Na sani.”

“Kuma ba kwafi suke so ba. Ainihin zaren suke so, ba yanka, ba ɗori, cikin gwangwaninsa na asali.” Sai ya jawo wani babba, ya fi sauran faɗi, ya rungume shi kamar jariri. “Wannan kuwa, minti ashirin cur, ban taɓa jin akwai saura ba. Shi kaɗai ya isa tahowata.”

Daidai nan Halilu ya shigo da kwanon fura. Ya ajiye, ya gaisa, ya ce, “Alhaji, dut haka suke da daraja?”

Alhaji bai ko ɗago ba. Ya ce, “Masu takarda dai. Wanda ba takarda a jiki, ga tsatsa, mu a wurinmu tarkace ne.”

Halilu ya gyaɗa kai ya fita, yana sauri zai kai wa matarsa cefane. Da ya ƙara minti biyar a tsugune, da ban rubuta wannan ba. Don bayan fitarsa ne Baba Namadi ya kawo zancen Sanda. Ya ce ba zai sayar da ko ɗaya ba sai an juye masa fim ɗin tasha a waya. Alhaji ya yi 'yar dariya, ya ce na gida ba shi da kasuwa, amma ba komai, yana da injin juyewa a Kaduna, zai yi masa kyauta. Zai dawo da mota da akwatuna bayan mako uku. Baba Namadi ya aika wa Kulsumu cewa ta shirya ido.

Kwana huɗu bayan haka aka yi waya daga Shinkafi, direban motar majigi, abokin tafiyarsa na shekara ashirin da biyar, ya rasu. Baba Namadi ya tafi ta'aziyya. Ka san hanyar yanzu, ba a shiga sai an ji labari, ba a fita sai an ga ayari. Tafiyar kwana uku ta zama kwana goma.

Yanzu bari in gaya maka gefen Halilu, don ba na son ka tsine masa kafin ka ji. Gonarsu ta gado tana wajen Kurya Madaro. Baki goma sha huɗu ke ci daga gonar nan. Da dawa ta yi madara, jan-baki kan sauko, tsuntsayen nan da ke zuwa kamar hadari. A da, ana kafa rumfa a tsakiyar gona, mutum ya wuni a kai da majajjawa da gwangwani yana ihu. Yanzu wa zai wuni? Maƙwabtan gonarsa biyu a kan irin wannan rumfa 'yan bindiga suka ɗauke su da rana tsaka. Manomi kan shiga da hantsi, ya yi abin da zai yi yana waige, ya fita kafin azahar. Sai mutane suka koma ga tsohuwar dabara, a ja igiya tsakanin turaku, a ɗaura zaren kaset, iska na kaɗa shi yana walƙiya yana ƙara, tsuntsu ya ji tsoro. To kaset ɗin ma ya ƙare a duniya. Halilu ya zagaye kasuwar Kaura bai samu ko guda ba. Ya je gona ya tarar an fara cin gefen yamma.

Sai ya tuna ɗakin ubansa. Kuma, wallahi, da hankali ya shiga. Bai taɓa masu takarda ba, ya ɗaga su a hankali ya ajiye gefe, ya tona har ƙasa ya zaɓi uku mafi tsatsa, waɗanda Alhaji da bakinsa ya ce tarkace ne. Ya sa almakashi ya yanka gaba biyu-biyu, ya ɗaure gonar kaf. Ya dawo yana murna ya yi wa gida dabara ba tare da ya taɓa dukiyar Baba ba.

Ranar da Baba Namadi ya dawo, da hantsi ne, ina gyaran mashin a ƙofar gida. Ko ruwa bai sha ba ya shiga ɗakin, haka al'adarsa take. Sai na ji wata murya da ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba.

“Halilu! Halilu!”

Na tsallaka. Na same shi tsaye da gwangwani uku wayam a gabansa.

“Ina abin da ke ciki?”

Halilu ya ce, “Baba, kwantar da hankalinka, masu kuɗin ban taɓa ba. Tarkacen na ɗauka na kai gona, jan-baki...”

“Tarkace.”

“Alhaji da kai nai yac ce...”

“Sanda na cikin wanga! Wana! Uban Kulsumu! Shi kad ɗauka kay yanka da almakashi awa tsumma, kak kai ma tsuntsaye?”

Halilu ya zame ya zauna a ƙasa. Mutum mai shekara arba'in da biyar, mai 'ya'ya tara. Ya ce, “Innalillahi. Baba, don mi ba ka hwaɗa mani ba?”

“Don mi ba ka tambaya ba? Shekara talatin kana ganin ina duƙe bisa gwangwanin nan. Ko sau guda ka taɓa cewa, Baba mi ag ga ciki? Akuya in ta ga mutum na share wuri kullum, ta san ba a kashi nan!”

“Baba, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka ɓoye shi inda ba mai ɓoye abin kirki.”

Na ce yau mari zai sauka. Bai sauka ba. Baba Namadi ya tsaya yana huci, sannan ya ce, “Kwana nawa?”

“Tara. An yi ruwa sau guda.”

“Tashi mu tahi.”

Halilu ya miƙe, amma ya tare ƙofa. Ya ce, “Baba, ka yi mani dut abin da kaka so. Amma in munka kwance zaren nan, kwana ukku jan-baki sun gama da dawar. Saura mako biyu ta ƙosa. Mi za mu ci? Ɗiyana su ci fim?”

Nan ne fushin ya rasa inda zai sauka. Na ga idon tsohon yana yawo. Ga ɗansa, wanda bai yi ƙarya ba. Ga mutanen daji da suka hana mutum zama gonar ubansa, su kuwa ba a iya zuwa a zage su. Sai idonsa ya faɗa kan babban gwangwanin nan da Alhaji ya rungume. Ya ɗauke shi, ya sa a hammata, ya zari almakashi.

Na ce, “Baba, haba! Wannan fa shi ne Alhaji ya ce...”

“Na ji abin da yac ce. Shi ya hi tsawo, shi ka isar gonar. Kowa ya ƙona rumbu nai ya san inda toka ka tsada. Tada mashin.”

Ni na goya shi, Halilu ya bi mu a kabu-kabu. Muka isa rana ta ɗaga. Daga nesa gonar tana walƙiya kamar an watsa madubai, zaren yana kaɗawa yana wata 'yar ƙara, kuma gaskiya ko tsuntsu ɗaya babu. Aikin ya yi kyau, shi ne abin haushin. Muka shiga kwancewa. Halilu yana yanka sabon zare yana ɗaurawa, ni ina tattara tsohon, Baba Namadi yana zaune a kunya da gilashin gaban mataccen injinsa, wanda ya cusa a aljihu. Duk guntun da na miƙa masa, ya ɗaga a rana, ya leƙa ta gilashin.

Ba komai. Rana ta gasa, ruwa ya wanke, hoton ya saɓule ya bar zare fari kamar leda. Wani ya murɗe ya bushe, kana taɓawa ya karye. Wani akwai saura, ya leƙa, sai ga hannun wani yana zuba taki. Ya jefar. Kowace ƙarar mashin daga nesa sai mu daskare mu saurara. Halilu ya ce, “Baba, azahar ta yi, mu tahi.” Ya ce, “Ku tahi.” Ba wanda ya tafi.

Sai can ƙarshen gona, ƙarƙashin wata kaɗanya, inda Halilu ya naɗe bakin zare a jikin turke sau da yawa don ya kama. Inuwa ta kare shi, naɗin ya kare na ciki. Na warware a hankali na kai masa. Bai fi kamu biyu ba. Ya leƙa. Ya daɗe. Sannan ya sauke gilashin ya ce, “Ga shi.” Ya naɗe shi a kara, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar a ka. Daga minti bakwai, abin da ya rage ke nan.

Alhaji Kamaluddeen ya dawo ranar da ya ce, da mota da akwatuna. Kai tsaye babban gwangwanin ya nema. Ya ɗaga ya ji ba nauyi. Da aka ba shi labari, sai da ya cire tabarau.

“Baba, ka san abin da ka yi? Wataƙila shi kaɗai ya rage a duniya! Mutum ashirin da biyu ne a ciki, duk sun mutu, ba wanda zai sake ganinsu! Ka yanka shi saboda tsuntsaye?”

“Da zahi, ko?” in ji Baba Namadi.

“Wannan ai ɓarna ce! Jahilci ne!”

“Nawa sha takwas na, su ma dut sun mutu. Guda uwarmu ɗaya. Shi ma shi kaɗai ar rage duniya. Kai kac ce ba ya da kasuwa. Kai kac ce marar takarda tarkace na, gaban ɗana, ba ka ko ɗaga kai ba. Naku mutane na, namu tarkace?”

Alhaji ya mayar da tabarau a ido. Ni dai ban ce Baba ya yi daidai ba. Mutum ashirin da biyun nan ba su yi masa komai ba, kuma na san shi ma ya sani, don shekara talatin yana sa musu gawayi. Amma wane ni da ganin laifinsa, ni da na shekara talatin ina wucewa ina zolayarsa.

Baba Namadi ya cire hula, ya fito da ɗan naɗin. Ya ce, “Saura talatin da bakwai a ɗaki. Ko guda ba ya hita gidan ga sai wanga ya dawo cikin waya.”

Alhaji ya sa safar hannunsa ya karɓa. Wannan karon da hannu biyu. Ya koma Kaduna da akwatunansa wayam.

Bayan kwana goma sha biyu saƙo ya shigo wayar Halilu. Aka aika wa Kulsumu, ta zo da la'asar da mayafinta mai ƙanshin man gyaɗa, ta zauna gindin durumi. Halilu ya durƙusa ya riƙe mata wayar, bai iya kallon fuskarta ba.

Sakan biyar ne. Wani dogon mutum siriri cikin kakin ma'aikata ya miƙe daga sahu. Ya gyara hularsa, ya goge baki da bayan hannu, ya ɗaga ƙaho, kumatunsa suka fara cika. Shi ke nan, sai fari. Ba sauti, ruwa ya cinye gefen da sautin ke zama.

Kulsumu ta ce, “Maido.” Ya maido. “Maido.” Ta kalla ya fi sau ashirin. Sannan ta ce, “Baffa, da wane hannu yag gyara hula?”

“Hagu.”

“Bahago na?”

“Bahago na. Har tuwo sai da anka yi yaƙi da shi.”

Ta kalli hannunta na hagu, wanda take murza ƙuli-ƙuli da shi. Ta ce, “An yi ta duka na ina ƙarama, ana cewa ina nis samo wagga ɗabi'a. Ba wanda yat taɓa hwaɗa mani.” Ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, “To busar hwa, Baffa? Ka ce in ji.”

Baba Namadi ya dunƙule hannu ya kai baki. Ya fara da muryarsa, karin yana nan a kansa daram. Ya yi gaɓa biyu, numfashi ya ƙare, tari ya sarƙe shi. Ya sake, ya sake sarƙewa. Kulsumu ta dafa gwiwarsa ta ce ya isa. Ya ture hannunta, ya tashi ya shige gida.

Mutanen unguwa da suka ji, kowa sai ya ce, ai da babu gara ba daɗi. Don Allah kada ka gaya mini wannan. Minti bakwai na nan lafiya lau shekara kusan sittin, ya tsallake wutar shugaban ofis, ya tsallake gara da tsami da masu sayen ƙarfe, saura mako uku ya isa ga mai shi. Da manomi zai iya wuni a gonarsa da majajjawa kamar yadda kakanninsa suka yi, da Kulsumu ta ji ubanta.

Alhaji ya zo ya kwashe talatin da bakwai ɗin, ɗakin yanzu buhunan dawa ne a ciki, don dawar ta tsira, ta yi kyau ƙwarai. Halilu kullum shi ke kai wa ubansa tuwonta da hannunsa. Baba Namadi yana ci, ya wanke hannu, ya ce alhamdu lillahi. Amma har yau bai ce wa Halilu sannu da aiki ba, kuma mataccen injin yana nan a kusurwa, ya hana a taɓa.